Ganye Uku a Bayan Randa

Ranar Asabar ce, cikin watan Oktoba na shekarar da na shiga aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, kwana uku bayan mun zuba damin gero na ƙarshe a rumbu. Da hantsi Baba ya fito daga ɗaki da 'yar jaka a kafaɗa da bargo a naɗe, ya ɗora su a kan turmi, ya ɗauki buta ya tsuguna inda ya saba tsugunawa, ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakin Inna. Ba lokacin salla ba ne, amma shi ba ya kama hanya sai da alwala. Ruwan da ke zuba daga hannuwansa da fuskarsa yana sauka cikin wani babban gwangwanin madara mai tsatsa, wanda shukarsa take ciki. Da ya gama ya kira ni yadda yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Habsatu, kuma bai taɓa faɗin sunan da bakinsa ba. Ya ce, "Uwata, ga 'yar Kwatano nan na bar miki amana. Ruwan alwala ya ishe ta, kar ki ƙara mata, kuma kar ki bari rana ta gan ta. In na dawo ina so in iske ta kai wancan ƙarshen rumhwa." Na ce to. Na raka shi har bakin zaure, na tsaya ina kallon bargon nan a bayansa har ya sha kwanar masallaci.

'Yar Kwatano ba ta da suna a bakinmu, shi ya sa muka laƙaba mata sunan garin da ta fito. Shekara da shekaru Baba yana zuwa cin rani can bakin teku, yana gadi a gidan wasu 'yan kasuwa, kuma a tagar gidan ya ga shukar tana hawa ƙarfe. Ya roƙi ɗan reshe, ya sa a gorar ruwa, ya rungumo shi kwana biyu a bayan mota har Dakoro. Mutanen unguwa sun yi dariya har sun gaji. Mazan wasu sun dawo da rediyo da turamen atamfa, namu ya dawo da haki a gora. Amma duk wanda ya shigo gidan sai ya tsaya ya duba ta. Ganyenta ya kai tafin hannuna, fasalinsa irin na ganyen dankali, kore shar mai sheƙi, da ɗigo-ɗigo da zane-zane na rawaya da fari-fari kamar an watsa masa nono. Babu ganye biyu masu zane iri ɗaya. Sabon ganye yana fitowa a naɗe, da ɗan ja-ja a bakinsa, ya yi kwana uku yana warwarewa. Baba ya ɗaura mata igiyoyin kaba daga ginshiƙin rumfa zuwa sama, tana binsu a hankali, kuma a kowace gaɓa tana fitar da wani ɗan tsiro gajere da take kama igiya da shi. Inna takan ce, "Ba a miya da ita, ba a magani da ita, ko akuya ba ta ci." Gaskiyarta ce. Ƙanena Sani ya taɓa gatsar ganye ɗaya, ya yini yana kuka yana sosa harshe. Duk Juma'a Baba yakan goge ganyayen da jiƙaƙƙen tsumma ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina riƙe masa kwanon ruwa.

A shekarar nan aikin Kwatano ya ƙare, masu gidan sun tashi, gonarmu kuma ba ta ba da abin da zai kai mu wata damina ba. Sai Baba ya bi sahun masu tafiya arewa, ƙetaren hamada. Don guzuri ya sayar da sanmu, wanda ke jan amalanke yana kawo mana tano, wato duro, cike da ruwa daga rijiya. Da san ya tafi, ruwa ya dawo kan kawunanmu. Kullum kafin lakwal ni ce a layin famfo da bido biyu, jarkokin nan na roba, in kai ɗaya gida in dawo in ɗauki ɗayan, in kuma famfon ya ɗauke sai mu bi matan unguwa zuwa rijiya mai zurfi, inda ake jan guga da jaki. Kafin ya tafi, Baba ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauyensu na wajen Korahane don ta zauna da mu. Kaka tsohuwa ce 'yar firit mai ƙarfin murya, wadda ta yi noma tun kafin a haifi duk wanda na sani. Ba ta barin ɗigon ruwa ya tafi a banza. Ruwan wankin gero na awaki ne, ruwan wankin kwano na kaji ne, kuma in ta ga mutum ya zubar da ragowar abin da ya sha, sai ya ji tarihin duk farin da ta gani a rayuwarta. Takwara take kirana, muna tsokanar juna kamar yadda jika da kaka suke yi. Ranar da ta fara ganin shukar ta taɓe baki ta tambaya ko yaushe take yin 'ya'ya.

Ni da sai an yi mini tsawa nake tashi salla, sai ga ni ina riga kowa ɗaukar buta. Ba zan ɓoye ba, rabin ibadata ta lokacin nan ta 'yar Kwatano ce, kuma Inna ta gane. Takan dube ni ta gefen ido ta ce, "Allah ya sa don Allah ake yi." Na rage zuwa 'yar gala-gala a ƙofar gida, na rage carafke, don kar awaki su kwance su ja igiyoyin ko Sani ya tsinke mini ganye. Sau biyu Baba ya kira ta wayar mai shagon unguwarmu, na farko daga Agadas, na biyu daga wani wuri da ban iya riƙe sunansa ba. Duka biyun, bayan ya gaisa da manya, sai ya ce a ba ni, ya tambaye ni karatu, ya tambayi 'yar Kwatano. Na ce masa ta ƙara ganye huɗu. Daga nan ba mu sake jin muryarsa ba. Wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Mai shago ya daina ɗaga kai in na wuce, don ya san abin da zan tambaya. Mata sukan shigo su zauna da Inna suna magana ƙasa-ƙasa a kan motocin da ke lalacewa a tsakiyar rairayi, in na matso su koma zancen tsadar wake. A cikin wannan shirun ne na ƙulla wani abu a raina da ban faɗa wa kowa ba: muddin shukar nan tana fitar da ganye, Baba yana da rai. Kowace safiya sai na ƙirga su kafin in ɗauki bido, talatin da ɗaya ne a lokacin.

Tsoro ne ya sa na fara saɓa maganarsa. Da zafi ya shigo, sai na ga kamar ruwan alwalar yarinya ɗaya ba zai ishe ta ba. Na riƙa ƙara mata rabin mokon ruwan da aka ba ni in sha. A lakwal kowane ɗalibi yana da ɗan bedinsa, wato dashen dogonyaro, a fili, wanda yake zuwa da gorar ruwa daga gida yana ba shi, ni kuwa sai in ɗiga wa nawa kaɗan don idon mushe, malaminmu, in ɓoye sauran a jaka in kawo gida. Bedina ya fara langwaɓewa, mushe ya ba ni bulala biyu a tafin hannu, ban daina ba. Ban san ramukan gindin gwangwanin sun toshe da tsatsa da laka ba. A watan Afrilu ganyayen ƙasa suka fara rikiɗa, ba rawayar adon nan ba, wata rawaya ta ciwo mai cinye ganye gaba ɗaya. Ɗaya ya faɗi, na binne shi a bayan ɗaki kar a gani. Washegari biyu suka faɗi. Ƙasar gwangwanin ta soma wari irin na kwata, ni kuma ganin tana ciwo sai na ƙara mata ruwa. Abinci ya daina shiga mini, a aji kuma mushe zai yi ta magana ina ƙirga ganye a kaina.

Kaka ce ta kama ni ina kuka a gindin ginshiƙi. Ta tsuguna, ta juya ganyen nan ta duba bayansa, ta murza ƙasar a yatsunta, ta yi duk abin da take yi in ta shiga gona. Sa'an nan ta yanke hukunci. Ta ce tun ranar da ta zo ta ga shukar ba ta da lafiya, don tsiro mai lafiya ba ya yin dabbare-dabbare. Ta ce haka geron da ya tsiro a inuwar rumbu yake yi, ya miƙe siriri, ya yi rawaya, ya mutu bai fid da kai ba. Rana take so, da taki. Na ce mata Baba ya ce ba ta son rana. Kaka ta dube ni ta ce, "Ubanki ni na haihe shi, ni na koya mishi shibka. Wane tsiro ne Allah ya yi da ba shi son rana, takwara?" Na duba duk abin da na sani mai ganye, gero da wake da yakuwa, aduwa da kalgo, bedin lakwal, kowanne a tsakiyar rana yake tsaye. Kuma ga tsohuwar da ke duban gajimare ta faɗi ranar da za a yi shuka, ga ni 'yar shekara goma sha ɗaya. Na san abin da Baba ya ce, ban manta ba ko kaɗan, amma na fi tsoron in zauna ina kallo tana mutuwa. Washegari da safe muka kwance ta daga igiyoyi, muka naɗe rassan a kan gwangwanin, Kaka ta zuba mata ɗanyen kashin awaki tafi biyu, muka kifa turmi a tsakar gida muka ɗora ta a kai don kar dabbobi su kai gare ta. Na tafi lakwal da ɗan sanyi a raina, har na yi wasa a lokacin hutu.

Da aka tashe mu tsakar rana na taho da gudu, rairayi yana ƙona mini ƙafa ta cikin takalmi. Inna tana gidan suna tun safe, Kaka kuma ta shige ɗaki gudun zafi. Tun daga zaure na hango shukar. Ganyayen nan masu sheƙi sun kwanta a jikin gwangwani kamar zogalen da aka dafa, wuraren fari-farin sun koma ruwan ƙasa, wasu sun ƙone har suna karyewa a hannu. Na rungumi gwangwanin, ƙarfen ya ƙona mini hannuwa, ban sake shi ba sai a ƙarƙashin rumfa. Daidai lokacin Inna ta shigo. Ban san sa'ad da maganar ta fito daga bakina ba, na ce, "Shi ke nan, Inna, Baba ba ya dawowa." Inna ba ta taɓa marina ba sai ranar. Ta mare ni, ta tsaya tana duban hannunta, ta shige ɗaki ta saki labule, na ji tana kukan da ta yi wata uku tana haɗiyewa. Kaka ta fito ta tsaya a kan shukar ta daɗe. Ba ta ba ni haƙuri ba, tsofaffinmu ba su saba da wannan ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ni hatsi na sani, takwara."

Da la'asar na zazzage gwangwanin, a nan na ga nawa laifin. Saiwoyin sun yi baƙi sun ruɓe, suna saɓulewa a hannu, ƙasan kuma caɓi ne tsantsa. Rana ta ƙarasa abin da ruwana ya fara ne, don haka ban sami damar ɗora wa Kaka komai ba, ko da yake na so. Ina warware rassan sai na tarar da wani ɗan guntu da ya zame ya shiga inuwar gefen turmi, gaɓa biyu da ganye ɗaya da ya ƙone a baki. Na tuna da gorar da Baba ya zo da ita. Na yanke guntun da reza ƙasa da gaɓa, ina neman abin da zan sa shi, sai Kaka ta miƙo mini kwalbar da take ajiye man shanunta, ta riga ta juye man ta wanke ta da toka. Muka cika ta da ruwa, muka ajiye a bayan randa, kan rairayin nan mai laima inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, haske yana shiga amma rana ba ta kaiwa. Kwana goma babu abin da ya motsa. Kaka ta mayar da tabarmarta kusa da randa, da sanda a hannu tana korar kaji, kuma matar da ke faɗa a kan ɗigon ruwa ita ce ke tuna mini in sauya na kwalbar. Kowace safiya takan tambaye ni, "Ta yi magana?" Rana ta goma sha ɗaya wani farin abu kamar zare ya leƙo daga gaɓar. Da saiwoyin suka kai tsawon yatsa, na sami ƙaramin gwangwanin tumatir, na huda gindinsa da ƙusa wuri shida, na dasa ta. Daga ranar ban ƙara ba ta ruwa ba sai na tsoma yatsa na ji ƙasar ta sha iska.

Ruwan shuka ya sauka ba namiji a gidanmu. Inna ce ke gaba da sungumi tana sara, ni da Kaka muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige, Sani yana korar tsuntsaye da ba su zo ba. Gonar da Baba ke nomewa cikin mako ɗaya ta ɗauke mu uku, rabinta ma ciyawa ta cinye. A bayan randa ganye na biyu ya warware, daga baya na uku, ƙanana, da ɗan ɗigon rawaya a kowanne. Igiyoyin kaba suna nan a rumfa ba komai a jikinsu. Inna ta so ta kwance su ta ɗaure ɗan akuya, na roƙe ta ta bari.

A tsakiyar watan Agusta ya dawo, wata ranar da aka yini ana yayyafi. Da ƙafa ya taho daga tasha, cikin rigar da ba tasa ba, babu jaka babu bargo. Koro su aka yi daga ƙetaren hamada, shi da abokan tafiyarsa, aka zubo su a mota, bayan watannin da har ya bar duniya bai ba mu labarinsu ba. Ya rame, ga tari, har Sani ya gudu bayan Inna. Gida ya cika da masu barka, Kaka tana ta shafa kansa kamar yaro. Ni ina raɓe a jikin bango ina kallon idonsa, na ga sa'ad da ya kai kan rumfa, ya bi igiyoyin nan da kallo tun daga ƙasa har sama, ya sunkuyar da kai. Ya shige ɗaki. Kwana huɗu yana cikin ɗaki, in zai yi alwala sai ya zaga baya, in na kawo abinci sai ya amsa gaisuwata yana duban tabarma. Na tabbatar fushi yake yi da ni. Wata goma ina roƙon Allah ya dawo da shi, ga shi ya dawo ina ɓuya, ina tura gwangwanin tumatir can ƙuryar bayan randa kar ya gani. Ya bar mini shukar da ta fi shi tsawo, da wane ido zan nuna masa ganye uku?

Rana ta biyar da azahar Kaka ta cika buta ta ba ni. Ta ce, "Tahi ki kai mishi, ki haɗa da amanarshi. In ya tambaya ki ce ni ce." Na same shi zaune a bakin ƙofa. Na ajiye butar, na ajiye gwangwanin a gabansa. Na ce, "Baba, abin da ya rage ke nan. Ni na ƙara mata ruwa, kuma da ni aka kai ta rana." Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya taɓa ganyayen ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ukku." Sa'an nan ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da ya dawo. Ya ce, "Uwata, ni da na tahi da sa guda, mi na kawo miki? Kwana huɗu ke nan ina jin kunyar haɗa ido da ke." Ban taɓa tunanin babba yana jin kunyar yaro ba, kuma na fi son ya dake ni da in ji wannan maganar. Ya jawo gwangwanin tsakanin ƙafafunsa, ya karkata buta ya fara alwala a kansa. Da ya zo wanke fuska ya daɗe yana wankewa, ya wuce sau ukun da aka koya mana nesa ba kusa ba.

Bai ƙara yin nisa da gida ba, sa kuma bai sake shiga garkenmu ba. Tarin da ya dawo da shi bai rabu da shi ba, shi ne ya tafi da shi ina ajin ƙarshe na kwaleji, 'yar Kwatano ta kai rabin rumfa ke nan. Kaka ta riga shi da shekara biyu, kuma har ta rasu ba ta yarda dabbare-dabbaren nan ado ba ne, sai dai ta daina faɗa. Yau ina koyarwa a wata lakwal nan cikin Dakoro, akwai famfo a tsakar gidana, kuma in na je Maradi ina ganin irin shukar a bakin titi cikin tukwanen roba, kowa ya ga dama ya saya, in ta mutu ya sayi wata. Tawa jikar guntun nan ce na bayan randa, ta zagaye tagar ɗakina ta sauko. 'Ya'yana suna yi mini dariya in suka ga na bar famfo na ɗauki buta na je na tsuguna a gindinta, ban kuwa taɓa gaya musu dalilin ba. Har yanzu ina ƙirga ganyenta da safe, ko da yake ba wanda nake jira.